Motata tana baƙin hayaƙi tana shan mai: in gyara ko in sayar?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni 'yar kasuwa ce a Asawase, nan Kumasi, ina sayar da masara da wake da gero. Ina da Hilux ta dizal ƙirar 2012, mai inji 2.5, ta yi kilomita 230,000. Sau huɗu a wata direbana yana zuwa Tamale ya ɗauko mini buhu 15. Wata uku ke nan tana baƙin hayaƙi, ba ta da ƙarfi a hawa, da safe sai an sha fama take tashi, kuɗin mai kuma ya ƙaru sosai. Makanike a Magazine, unguwar makanikai da ke Suame, ya ce a canza injekta, masu fesa wa inji mai, duka huɗu, ko a sa wani inji. Yayana ya ce in sayar in huta. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Kada ki sayar da ita a wannan halin, kada kuma ki saki kuɗin injekta tukuna. Motar da ta shiga kasuwa tana hayaƙi, mai saye kuɗin mataccen inji zai taya ta, ko da abin da ke damunta bai wuce tiyo ɗaya da ya tsage ba. Kilomita 230,000 kuma ba tsufa ba ne ga injin nan da ake kira 2KD, in dai ya samu juyen baƙin mai a kan lokaci.

Ki fara da sanin yawan man da take sha a lamba. A cika tanki har wuya a gabanki ko gaban ɗanki, a rubuta lambar kilomita. In ta dawo a koma gidan man nan, a sake cikawa har wuya, a rubuta litar da ta ci, a haɗa da wadda aka ƙara mata a hanya. Kumasi zuwa Tamale kusan kilomita 380 ne, zuwa da dawowa 760. Mu ɗauka da lafiyarta lita 10 take ci a kilomita 100, wato lita 76 a tafiya. In yanzu 13 take ci, ta koma 99. Bambancin lita 23 ne a tafiya, 92 a wata, sama da lita 1,100 a shekara. Ki buga wannan da farashin dizal na yau, za ki ga nawa jinkirin gyara yake ci miki. Awon nan yana da wani amfani: in litar da ke kan rasit ba ta yi daidai da abin da tanki ya karɓa ba, kin gane ba inji ne kaɗai ke sha ba. Zato zunubi ne, shi ya sa rubutu ya fi, yana wanke direba mai gaskiya.

Baƙin hayaƙi a dizal abu ɗaya yake nufi: mai ya fi iska yawa a cikin inji. Ko dai iskar ba ta shiga yadda ya kamata, ko man yana zuba ba bisa ƙa'ida ba. Tun da ɓangaren iska ya fi araha, da shi ake farawa.

A buɗe filtar iska a ɗaga ta a rana. In haske ba ya ratsa ta, ta gama aiki. Motar da ke bin hanyar arewa a lokacin hunturu tana iya toshe filta cikin kilomita 10,000, kuma busa ta da iska mai ƙarfi kullum yana huda takardar, ƙura ta wuce kai tsaye ta cinye turbo da zoben fistin. Daga nan a bi tiyon da ke kai iska daga turbo zuwa inji da hannu, a matsa shi, a duba ƙarƙashinsa. Inda ya tsage za a ga danshin baƙin mai da ƙura ta manne a kai, kuma in an taka mota ana jin shuuu kamar taya na sacewa. Wannan kaɗai yana kawo hayaƙi da rashin ƙarfi a hawa. Sai bawul ɗin EGR, wanda ke mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji. A irin wannan kilomita, in an kwance shi da bututun shigar iska, sau da yawa za a tarar da baƙin datti kamar kwalta ya rage faɗin hanyar. Wankewa ake yi, tare da ɗan na'urar auna ƙarfin iska da ke jikin bututun. Aikin wuni ɗaya ne, kuɗinsa na hannu ne kawai da gasket.

Sai ɓangaren mai. A ƙasan filtar dizal akwai ɗan murfin roba da ake murɗawa. A tara kwalba mai haske, a sassauta shi, a danna famfon hannu da ke saman filtar. A ajiye kwalbar minti biyar. In akwai ruwa zai kwanta a ƙasa, man ya hau sama, layin da ya raba su a fili. In an ga ruwa ko tsatsa ko baƙin gari, a canza filta, a sauke tanki a wanke. Injin nan yana tura mai da ƙarfin da ya haura bar 1,000 ta ramukan da ido da ƙyar yake gani, don haka ɗigon ruwa ko man da aka gauraya da kananzir yana lalata injekta da famfo. Tun 2017 ƙa'idar dizal a Gana ta koma ta mai ƙarancin sulfa, kashi 50 cikin miliyan, man gidajen mai na ƙwarai ya dace da injin. Na jarka da na duro a bakin hanya ne abin gudu, komai araharsa.

Wahalar tashi da safe ita ma a bi ta daga mai sauƙi. Kafin a murɗa makulli, a danna famfon hannun nan. In ya yi laushi sai an danna sau goma ko fiye kafin ya yi tauri, sannan mota ta tashi nan take, to iska ce ke shiga layin mai cikin dare, ta tiyo ko ta kan filtar. Batir mai lafiya yana nuna bolt 12.6 a kashe, in inji na aiki kuma kusan 14. Dizal yana son a juya shi da sauri, raunin batir ko tsatsar kan waya yana hana shi kamawa. A auna fulogan ɗumama inji guda huɗu ɗaya bayan ɗaya.

In duk an bi waɗannan ba ta warke ba, sannan a zo kan injekta, kuma da awo. A Suame akwai masu sa wa mota kwamfuta. Ki nemi a duba lambar gyaran mai ta kowace injekta, da sanyin inji da kuma bayan ya yi zafi. Lambar da ta wuce 3 sama ko ƙasa tana nuna matsala a wannan silinda. A haɗa da gwajin man da ke komawa tanki daga kowace injekta, a ga wadda ke zubarwa fiye da 'yan'uwanta. Haka kuma akwai ƙaramin bawul a jikin famfon mai, SCV, wanda in ya fara maƙalewa mota takan rasa ƙarfi ko ta mutu a tsaye, ana ɗora wa injekta laifinsa alhali kuɗinsa bai kai nasu ba ko kusa. Ki ce a ɗauki hoton allon kwamfutar a turo miki. Makaniken da ya san aikinsa ba ya jin haushin wannan.

In awo ya nuna injektocin sun gaji, a canza, kuma a irin kilomitarki ba abin mamaki ba ne. Abu uku nake so ki tsaya a kansu. Na farko, kowace sabuwar injekta tana da lambobi a kanta da dole a shigar wa kwamfutar mota, in ba haka ba za ta ci gaba da ƙara da hayaƙi. Na biyu, washa, wato ƙawanyar jan ƙarfe da injekta ke zama a kai, sabuwa ake sawa, ba a mayar da tsohuwa. In ta yi yoyo, hayaƙi yana shiga cikin baƙin mai ya daskare, ya toshe rariyar da famfo ke jan mai ta cikinta a ƙasan inji, inji ya ƙone ba gargaɗi. Wannan sananniyar cuta ce a wannan jinsin inji, don haka in an tarar da baƙin datti a gindin injekta, a leƙa rariyar ma. Na uku, injekta 'yar hom-yus, wato ta hannu da aka shigo da ita daga waje, da ba a gwada ta a kan na'ura a gabanki ba cinikin biri a sama ne.

Maganar sabon inji ba ta taso ba sai an auna matsin kowace silinda. Akwai gwajin da ko ke za ki iya gani: inji na aiki a tsaye, a kwance murfin zuba baƙin mai a ɗora shi a bakin ramin. In yana ɗan rawa kawai, da sauƙi. In hayaƙi na tunkuɗe shi yana fita bus-bus, zobe ya ci. Shuɗin hayaƙi, ko farin hayaƙin da ba ya ɗaukewa tare da raguwar ruwan lagireto, su ne alamun babban aiki. Ke baƙi kika ambata, shi ya sa nake da kyakkyawan zato.

Yanzu ga inda kuɗinki yake zuba da gaske, Hajiya. Motar nan an yi ta ne don kaya kusan tan ɗaya, mai ƙofa huɗu ma ba ta kai ba, kuma nauyin direba da yaron mota yana ciki. Buhu 15 masu kilo 100 tan ɗaya da rabi ne, kin kuma san buhun masarar arewa yakan wuce kilo 100. Wannan lodin shi ke miƙar da sifirin, ya cinye kuloci da birki, ya fasa taya, ya sa inji zafi a hawa. Duba lissafin: lita 99 a raba wa buhu 15, kowane buhu ya ci lita 6.6. Lafiyayyar mota da buhu 10 a lita 76, kowane buhu lita 7.6. Lita ɗaya kacal kike tsira da ita a buhu, kina biya da kuloci da taya huɗu.

Ki je tashar manyan motoci ki tambayi nawa suke ɗauko buhu ɗaya daga Tamale zuwa Kumasi. Ki kwatanta da kuɗin lita 7.6, ki ɗora alawus ɗin direba da abin da ake kashewa a hanya. Ina kyautata zaton za ki tarar babbar mota ta fi araha nesa ba kusa ba, domin ita ɗaruruwan buhu take raba wa man da ta sha. In haka ne, ki bar wa manyan motoci doguwar hanya. Taki ta riƙa zuwa Ejura da Techiman, waɗanda ba su kai sulusin nisan Tamale ba ko suna daidai da shi, ta kuma riƙa kai wa masu koko da masu wake da shinkafa da makarantu kaya a cikin gari, ana biyan kuɗin kaiwa. Ranar da dole ta je arewa, kada ta tafi wayam. A nema mata kayan wani ɗan kasuwa daga Kejetia ko Adum, kuɗin ya rufe man zuwa.

Sannan ki raba aljihun mota da aljihun hatsi. Ki buɗe mata layin momo nata, wato asusun kuɗi na waya. Duk buhun da ta ɗauko miki, ki biya ta abin da za ki biya motar haya, kamar ba taki ba. Daga wannan asusun za a sayi mai, a biya direba, inshora, takardar lafiyar mota ta DVLA da gyara. Kada ki taɓa shi don saro kaya. Bayan wata shida, in asusun yana tashi, motar tana ciyar da kanta, ki riƙe ta. In kullum sai kin ɗebo daga jarin masara kin cike mata, to a lokacin ne maganar yayanki ta zama daidai, kuma za ki sayar da mota mai lafiya da littafin gyaranta a hannu, wanda ke ƙara mata daraja a idon mai saye.

Ga abin da asusun zai riƙa tanadi dominsa. A tafiyarki ta yanzu tana cin kusan kilomita 3,000 a wata. Juyen baƙin mai da filtarsa kowane kilomita 5,000, wato kusan duk mako bakwai, da man dizal 15W-40 mai alamar CI-4, kusan lita 7, a rufaffen galan daga wurin da kika amince. Filtar dizal kada ta wuce kilomita 20,000, a kuma zubar da ruwan ƙasanta duk wata. Bel ɗin taimin na injin nan kilomita 150,000 ne wa'adinsa. In ba ki da shaidar an canza shi a lokacin, a canza yanzu tare da abin da ke ɗaure shi, domin in ya tsinke a guje bawul da fistin ne za su haɗu, a nan ne za ki sayi injin da kike gudu. In an canza, na gaba yana 300,000, kusan shekara biyu ke nan, ki fara ajiye masa tun yau.

Lagireto a sa masa ruwan sanyaya inji na gaske, ruwan rijiya ko na famfo yana tsatsa ya toshe shi. In wani ya cire tamosta, bawul ɗin da ke daidaita zafin inji, da sunan ƙasarmu da zafi, a mayar: injin da bai kai zafinsa ba ya fi shan mai, ya fi tara datti. Direba kuma ya riƙa duba sandar awon baƙin mai kowace safiya. In man yana ƙaruwa da kansa yana warin dizal, a tsayar da mota a ranar. Bayan doguwar tafiya ya bar inji ya yi minti ɗaya ko biyu a tsaye kafin ya kashe, don turbo ya huce da mai a jikinsa.

In za ki koma Magazine, ki ce wa makaniken kuɗin bincike daban, kuɗin gyara daban, ki biya na binciken ko da ba shi zai yi aikin ba. Kayan gyara a saya da rasit, ɗanki yana tsaye, duk abin da aka cire kuma a sa miki a leda a dawo da shi. Bayan gyaran a sake awon tanki zuwa tanki a tafiya biyu a jere, da buhu 10, ki rubuta litar kusa da ta farko. Allah ya tsare hanya.