Fistin birkin baya ya ƙi komawa: matsa shi ake yi ko juya shi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Masta. Ina zaune a Aboabo, nan Kumasi, kuma ina da Honda Accord ta 2009. Kwanakin baya na canza fad ɗin birkin gaba da kaina, na matse fistin da kilam, wato ƙarfen matsewa, ya koma lafiya lau. Yanzu na baya sun fara ƙara in na taka birki, na je Suame Magazine, kasuwar kayan mota, na sayo sababbi, amma na matsa fistin iya ƙarfina ko gezau bai yi ba. Kalifar, wato gidan da fistin ke ciki, ita ce ta mutu, ko akwai wata dabara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ajiye kilam ɗin nan tukuna, kafin ka lalata kalifar da babu abin da ya same ta. Fistin baya na motarka ba matsa shi ake yi ba, juya shi ake yi.

Dalili kuwa birkin hannu ne. A wannan Accord ɗin, wayar birkin hannu kan kalifar baya take zuwa kai tsaye, kuma a cikin fistin akwai ƙarfe mai zare irin na noti. Duk lokacin da fad ya ƙara cinyewa, zaren nan yana turo fistin waje kaɗan-kaɗan don birkin hannu ya ci gaba da kamawa. Abin da zare ya fito da shi kuwa, zare ne zai mayar da shi. In ka tilasta masa da kilam, zaren zai lalace, ka koma Magazine neman kalifa sukutum. Ba kowace mota ce haka ba: Camry da yawa suna da ƙaramin birkin ganga a cikin faifan baya wanda birkin hannu ke ja, nasu fistin matsa shi ake yi kamar na gaba. Dubi fuskar fistin ka gane. In sumul take, matsawa ce. In akwai tsagi, a taka motar tsagin gicciye ne, to juyawa ce.

Kafin komai, ka tuna aikin nan sai an sauke birkin hannu, wato babu abin da ke riƙe motar ta baya. Nemi wuri mai siminti wanda ba gangara ba, ka sa giya a P, ka tokare tayoyin gaba da katako ko dutse. Kada ka bar motar a kan jak kaɗai, kuma kada ka ɗora ta a kan bulon siminti, yana fashewa ba sallama. Sa ƙafar ƙarfe ta tokare mota, sannan ka tura tayar da ka cire ƙarƙashin motar.

Kwance bol biyu na kalifar, ka rataye ta da waya a jikin sifirin. Kada nauyinta ya rataya a kan tiyon man birki. Buɗe murfin tankin man birki a gaba ka duba, domin in fistin ya koma mai zai hau, kuma in ya zuba a jikin mota yana cin fenti. In ya cika sosai ka rage da sirinji mai tsabta.

Akwai ɗan ƙarfe mai fuska shida kamar ɗan ludo da ake sayarwa don wannan aiki, ana sa shi a kan racet. Masu kayan aiki a Magazine sun san shi. In babu, filaya mai dogon baki tana yi, sai dai da haƙuri. Sa bakinta a tsagin, ka riƙa juyawa ta hannun dama, yadda agogo ke tafiya, kana ɗan dannawa. Idonka ya kasance a kan robar da ta kewaye fistin: in ta fara murɗewa ka tsaya ka daidaita ta, don in ta yage, ruwan damina da jar ƙasar hanyoyinmu za su shiga su sa fistin ya yi tsatsa.

Ga inda har wasu fitoci, wato makanikai, ke kuskure. A bayan fad na ciki akwai ɗan ƙusa da ya fito, dole ya zauna cikin tsagin fistin. Saboda haka in fistin ya gama shiga, ka tsayar da tsagin daidai inda ƙusar za ta faɗa. In ba ta zauna ba, fad zai kwanta a karkace, ya cinye gefe guda, birki ya riƙa yin laushi.

Zare sandunan da kalifar ke zamewa a kansu, ka goge, ka shafa giris na silikon. Giris na yau da kullum yana kumbura roba. Ko ɗigo kada ya taɓa fuskar fad ko faifai. Shi ma faifan ka shafa shi: in ya yi zurfin zane ko baki mai kaifi, a auna shi, akwai mafi ƙarancin kauri da aka buga a jikinsa. Ƙurar birki kuma ba a hura ta da baki, a goge da tsumma mai laima. Ka canza hagu da dama tare, ko da ɗaya yana da saura. Ni da fad ya kai milimita 3 nake cewa a cire shi.

Notocin taya ka ɗaure su a gicciye, Honda ta ce ƙarfin ɗaurin ya zama Nm 108. Kafin ka sa giya, taka birki sau da yawa har ya yi tauri, domin takun farko zai tafi ƙasa ba tare da ya kama ba. Ja birkin hannu ka sake shi wasu lokuta, duba man birki, in ya ragu ƙara nau'in DOT 3. Sannan ka nemi hanyar da ba cunkoso ka yi ta tsayawa a hankali daga gudun kilomita 50, sau takwas zuwa goma, don fad ya zauna a kan faifai.

In kuwa ka juya fistin ya ƙi juyuwa, ko ka ga danshin mai a bakin robar, wannan ya wuce aikin tsakar gida, kai wa makaniki ya buɗe kalifar. Masu sababbin motoci da birkin hannunsu maɓalli ne kuma, sai an sa motar a yanayin gyara tukuna, yawanci da na'urar kwamfuta, kafin a taɓa fistin.