Ƙamus ko littafin nahawu, wanne zan fara saye?

Tambaya: Malam, ɗiyata tana aji biyar na sakandare, baɗi za ta zauna WAEC. Malaminsu ya ce kalmomi kam ta san su, jera su ne ba ta iya ba. Na ga ya ja jan biro ƙarƙashin "I want that you come" da "she enjoys to read". Kuɗin da ke hannuna na littafi ɗaya ne. Ƙamus zan saya mata ko littafin nahawu? Daga wata uwa a Runjin Sambo.

Amsa: Hajiya, ki sayi ƙamus, amma ba kowane ƙamus ba. Bari in fara nuna miki ciwon kafin in faɗi maganin.

Aikatau, wato kalmar da ke nuna aiki, a Turanci kamar basarake yake, kowanne da irin 'yan rakiyarsa. In wani aikatau zai biyo shi, "want" ba ya fita sai da "to" a bayansa: "I want to go", "I want you to come". Haka "decide" da "refuse" da "promise". Shi kuwa "enjoy" ba ya shiri da "to" ko kaɗan, sai kalma mai ƙarewa da "-ing": "she enjoys reading". 'Yan gidansu su ne "avoid" da "finish" da "mind". Akwai kuma "make" da "let", waɗanda ba sa son ko ɗaya daga cikin biyun: "he made me laugh", "let her go". Babu wata doka guda da yaro zai haddace ya huta. Kowane aikatau da halinsa ake koyon sa.

Kada wannan ya ba ki tsoro, domin Hausa ma haka take, sabo ne ya hana mu gani. Muna cewa "ya daina shan shayi", ba wanda zai ce "ya daina ya sha shayi". Muna cewa "ina so ka zo", kuma daga nan ne ɗiyarki ta ɗauko jimlarta ta farko: tunaninta daidai yake, ginin Hausa ne ta yi da bulon Turanci.

Inda abin ya fi daɗi shi ne aikatau mai karɓar rakiya iri biyu, ma'ana ta sauya. "He stopped drinking tea", ya daina shan shayi. "He stopped to drink tea", ya tsaya ya sha shayi. Na farko ya yi sallama da mai shayi ke nan, na biyu yana zaune kan bencinsa ana fifita masa. Haka "remember to lock the shop", ka tuna ka kulle shagon, da "I remember locking the shop", na tuna lokacin da na kulle shi. Masu tsara tambayoyin jarrabawa suna matuƙar son irin wannan tarko, kuma a JAMB Turanci kaɗai tambaya 60 ne, sauran darussa uku 40-40.

To, ƙaramin ƙamus na aljihu ma'ana kawai zai ba ta, ita kuwa ba ma'ana ta rasa ba. Abin da take bukata shi ne ƙamus da aka yi musamman don mai koyon Turanci, irin Oxford Advanced Learner's Dictionary ko Longman Dictionary of Contemporary English. Na Oxford ɗin wani malami ne, A. S. Hornby, ya assasa shi. Ya koyar da Turanci a Japan, ya ga ɗalibansa suna tuntuɓe daidai inda ɗiyarki take tuntuɓe, sai ya raba aikatau gida 25 bisa abin da ke bin bayan kowanne. Kamfanin Oxford ya buga shi a 1948, bugu na goma ya fito a 2020.

In kun je shagon littattafai, ki sa ta buɗe kalmar "suggest" tun kafin a yi ciniki. In ta ga an rubuta "suggest doing something" da "suggest that" tare da jimlolin misali, shi ne. In ma'ana kawai aka ba da cikin layi ɗaya, ku mayar. Ku kuma bi shafukan da kyau, don jabun bugu ya yi yawa a kasuwa: rubutu dishi-dishi, wani wurin shafi goma sun yi ɓatan dabo, ga ɗinki mai saki kafin zangon karatu ya ƙare.

Littafin nahawu ya jira wani albashin. In lokacin ya yi, English Grammar in Use na Raymond Murphy, mai shuɗin bango, yana da darussa a jere kan wannan batu. Ki tabbata mai amsoshi a baya kika ɗauko, don akwai bugun da ba shi da su.

Tambaya: Na rubuta takardar neman aiki na rufe da "I look forward to hear from you", abokina ya yi mini dariya. In biya kuɗin darasin yamma ne, ko in sayi manhajar koyon Turanci a waya? Daga wani matashi a Mabera.

Amsa: Ɗana, abokinka ya yi gaskiya, ko da yake da gyarawa ya yi maimakon dariya da ya fi. Daidai shi ne "I look forward to hearing from you". Wannan "to" ɗin ba irin na "want to" ba ne, ga kuma yadda za ka gane: sa sunan wani abu a bayansa ka ji. "I look forward to Sallah" ta zauna daram, saboda haka in aikatau ne zai biyo, sai mai "-ing". "I want to Sallah" kuwa ba magana ba ce. Da wannan gwajin za ka raba "I am used to waking early", na saba tashi da wuri, da "I used to wake early", da can ina tashi da wuri.

Tunda takardar aiki kake rubutawa, ka kula da wasu biyu. "Discuss" ba ya ɗaukar "about": "we discussed the matter". Sannan inda mu muke cewa "na ari biro" da "ara mini biro" da saiwa ɗaya, Turanci ya raba su: "I borrowed a pen", amma "lend me a pen".

Batun kuɗi kuma, kada ka sayi manhaja tukuna. Ƙamus na Oxford da Cambridge da Longman duk suna intanet kyauta, data kawai za ka ƙona. Darasin yamma yana da amfani bisa sharaɗi guda: malamin ya riƙa karɓar rubutunka yana gyarawa da hannunsa. Ka tambaye shi wannan kafin ka biya. In allo kawai zai cika da dokoki ku kwafa, riƙe kuɗinka.

Tambaya: Na gāji tsohon ƙamus na Hornby daga mahaifina, cike yake da alamomi irin VP6A. In ajiye shi in sayi sabo? Daga wani malamin firamare a Gawon Nama.

Amsa: Malam, Allah ya jiƙan mahaifi. Alamomin nan su ne gidajen aikatau da na ambata a sama, kuma bayaninsu yana shafukan farko na littafin. Halin "enjoy" da "want" bai sauya ba tun da aka buga shi, don haka kai zai ci gaba da yi maka aiki. Sababbin kalmomin waya da kwamfuta ne ba za ka samu ba. Amma in yara za ka miƙa wa, sabon bugu ya fi, domin a can an rubuta tsarin ɓaro-ɓaro, ba sai yaro ya koma farkon littafi neman fassarar lamba ba.