Ƙyama daban, tsana daban: amsar tambayar wani mai karatu daga Zariya

Wani bawan Allah daga Zariya ya turo tambaya, yace akwai wani ɗan daudu a layinsu mai soya kaji a bakin tasha, shi dai har ga Allah ransa baya son ɗabi'ar, amma suna gaisawa, da mahaifiyar mutumin ta rasu ma har gida yaje ta'aziyya. Sai abokinsa yace masa ai wannan munafunci ne. Shine yake son sanin me Hausa take kiran wannan hali.

Toh malam, sunansa kawaici, kuma babu ruwansa da munafunci. Munafuki shine mai nuna maka yarda a baki alhali cikinsa ba haka bane, kai kuwa baka taɓa cewa ka yarda ba, haƙƙin maƙwabtaka ka sauke. Dama ba'a yin kawaici sai akan abinda ba'a so, wanda abu ya masa daɗi me zai kawar wa kai?

Ƙyama a zuciya take tsayawa, 'yar'uwar ƙyanƙyami ce, mutum ya yamutsa fuska ya ja baya shikenan. Tsana kuma bata zama wuri ɗaya, sai ta nemi ta cutar. A watan Janairun 2014, watan da Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi mai ɗaurin shekara 14, jama'a sun taru a wata kotun shari'a a Bauchi suna jifa da duwatsu saboda waɗanda ake tuhuma da luwaɗi, tun alƙali bai yanke hukunci ba. Wannan ita ce tsana, kuma ko a fiƙihu hukunci na alƙali ne da shaidu, ba na 'yan unguwa ba, bin diddigin asirin mutane ma an hana.

Sannan a lura, ɗan daudu da ɗan luwaɗi ba kalma ɗaya bace, duk da yanzu samari na cakuɗa su a Facebook. Luwaɗi daga Larabci muka aro, daga sunan Annabi Luɗu saboda aikin mutanensa, na mata kuma maɗigo. Daudu kuwa maganar yanga ce da karya harshe da ɗaura zani da girki, kuma tun da can ana alaƙanta 'yan daudu da bori. Shekaru aru-aru mutanen Kano da Zariya na sayen abincinsu, a kira su aikin biki, ana zunɗensu ana kuma ci.

Mai karatun namu ya kuma tambaya ko "abincin wani gubar wani" ya dace da nan. Ni a ganina bai dace ba, domin karin maganar akan zaɓi take, irin wani na son tuwon dawa wani na shinkafa, shi kuwa Bahaushe musulmi maganar halal da haram yake ɗaukar wannan, idan ka jefa masa ita zai ɗauka halattawa kake ku soma musu akan abinda ba shi ka nufa ba.