Metformin yana sa Hajiya gudawa, ta daina ne?

'Yar'uwa, kin ce tunda Hajiya ta fara shan metformin, maganin ciwon sukari, cikinta ke murɗawa tana gudawa. Kada ta daina da kanta. Haka yake yi wa mutane da yawa a makonnin farko, yawanci kuma yakan lafa. Tawa mahaifiyar a unguwar Aboabo da sassafe take haɗiye shi, ciki wayam. Da muka mayar da shi tsakiyar cin tuwon dare, sai ta samu sauƙi.

Amma in amai ya hana ta riƙe ko ruwa, ta dakata, ku tafi asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi a duba ƙodarta. Ki tambayi likita nau'in metformin da ke narkewa a hankali. Allah ya ba ta lafiya.