Kwadon nan ba ado bane, yaro

Ka tambaye ni wai oga me yasa kullum sai ka taka har bakin foyin, wato mararrabar da ake karkatar da jirgin kasa daga wannan dogo zuwa wancan, ka duba da idonka ka sa kwado, kuma ka cusa weji, abin tokare taya, karkashin taragon da muka ajiye a sayidin, dan layin nan na gefe, alhali tasha ce ta kauye, wani lokacin a kwana biyu ko jirgi daya bai wuce ba. To zauna kaji.

Tsohon layin dogon namu guda daya ne tal, fadinsa kafa 3 da inci 6, bai kai fadin sabon na Abuja zuwa Kaduna da aka bude 2016 ba. Tunda layi daya ne, in jirgi biyu suka taho gaba da gaba dole daya ya rabe a gefe dan uwansa ya wuce, amfanin sayidin kenan. Direba kuwa ba sitiyari gareshi ba, inda ka juya masa harshen foyin, wato siririn karfen nan mai motsi, nan zai bi, ko da tarago ne cike da siminti a tsaye a gabansa, kuma karfe ne kan karfe, in ya taka birki sai yayi tafiya mai nisa kafin ya tsaya. Shi yasa bana yarda da "ai na ja liba". Jan liba, sandar da ake juya foyin da ita, daban, harshe ya manne da dogo daban. Tsakuwa daya ta makale a tsakani ya isa, ko yashin da ruwan sama ya kwaso, ko yaran kauye masu kiwo sun yi wasa da libar. Durkusa ka kalla, in kaga rata ko ta shigar dan yatsa ce kar ka daga koriyar tuta, ja zaka nuna, direba yayi ta hon dinsa.

Ka taba jin Langa Langa? Can jihar Nasarawa ta yanzu, kan layin da ya taso daga Fatakwal ya bi Makurdi da Lafia zuwa Kafanchan. A Fabrairun 1970, daidai lokacin babbar sallah, jirgi makil da fasinja ya kauce daga kan dogo a wurin, taragai suka gangara kasa, rayuka da yawa suka salwanta, Allah ya jikansu. Maigidana da ya koya min aikin nan in ya tuna sai yayi shiru. Abin da yake nanata min shine daji ne fa, ba asibiti kusa ba motar daukar marasa lafiya, wanda zai iya rayuwa a birni a can jini ke kare masa kafin a kai shi.

Batun weji kuma ni kaina na sha. Ina sabon shiga na bar tarago daya da birkin hannu kawai, nace ai wurin a shimfide yake, ashe akwai dan gangare da ido baya gani. Cikin dare iska ta taso, da asuba na tarar dashi ya sulalo har bakin babban layi, saura kiris. Wallahi ranar ko koko ban iya sha ba.

Gobe in Allah ya kaimu kazo da tsintsiya da man giris, foyin na bangaren gabas yana tauri, kuma makullin kwadon a aljihunka zai kwana, kar in sake ganinsa rataye a kusa.