Kofin Kagame daban, Gasar Zakarun Afirka daban

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Kofin Kagame shi ne Gasar Zakarun Afirka. A'a, kowanne da mai shi. Gasar Zakarun Afirka ta CAF ce, hukumar ƙwallon ƙafa ta nahiyar gaba ɗaya. Kofin Kagame kuwa na CECAFA ne, ƙungiyar ƙwallon Gabashi da Tsakiyar Afirka, inda zakarun lig na ƙasashe maƙwabta irin su Tanzaniya, Kenya, Yuganda, Ruwanda da Sudan ke karawa.

An fara shi a 1974, Simba ta Tanzaniya ce ta fara ɗauka, kuma sau 6 ta ci. Sunan Kagame ya shigo a 2002, da shugaban Ruwanda Paul Kagame ya fara ɗaukar nauyin kuɗin kyauta.

Babu gida da waje a nan. Ƙasa ɗaya ke karɓar baƙi, a yi rukuni-rukuni, sai sili-ɗaya-ƙwale, cikin mako biyu an gama. Da yake yawanci kafin buɗe kaka ake buga shi, za ka ga koci yana ta gwada sababbin 'yan wasa. Ni dai wannan ne ke rage min armashinsa. Akan gayyaci baƙi daga wajen CECAFA ma: Red Arrows ta Zambiya ta zo a 2024 ta tafi da kofin.