Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Ƙamshi Ke Tono Tsohon Tunani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Duk sanda na shaƙi turaren wuta irin na Barno, sai ɗakin marigayiya kakata ya faɗo mini a rai, har hawaye ya zubo. Hotonta kuwa ba ya yi mini haka. Mene ne dalili? Daga wata mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya jiƙan kaka. Sirrin yana ga hanyar da saƙon hanci ke bi.

Abin da ido ya gani da wanda kunne ya ji sai sun ya da zango a wani sashe na tsakiyar ƙwaƙwalwa mai suna talamus kafin su wuce gaba. Ƙamshi ba ya tsayawa nan. A can saman kogon hanci akwai ƙwayoyin jijiya masu cafke ƙamshi, iri kusan 400. Masana kimiyya Linda Buck da Richard Axel ne suka gano tsarinsu a 1991, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2004. Zaruruwan waɗannan ƙwayoyin na ratsa ƙananan ramukan wani siririn ƙashi su shiga ƙwaƙwalwa, daga nan saƙo ya zarce amigdala, matattarar tsoro da shauƙi, da maƙwabciyarta hifokamfus mai ƙulla abubuwan da suka faru. Shi ya sa zuciya ke motsawa tun kafin ki ambaci sunan turaren.

Akwai kuma wani dalilin. Hoton kin sha kallonsa a wurare da yanayi daban-daban, har ya zama jiki. Turaren kuwa da wuya ki gamu da shi, don haka ya tsaya a ɗaure da ɗaki guda.

Wannan hanya ta ƙamshi tana iya lalacewa, kuma bai kamata a raina hakan ba. Mura mai tsanani da korona kan toshe ta, buguwar kai kan tsinka zaruruwan a bakin wancan ƙashi. Alhamdu lillahi ƙwayoyin hanci suna sabuntawa. Wanda ya daina jin ƙamshi ya ware abubuwa huɗu da ya sani sarai, kamar kanumfari da ɓawon lemun tsami, ya shinshina kowanne daƙiƙa 20, safe da yamma, aƙalla mako 12, yana kawo kamanninsa a rai. Idan kuwa dattijo ne jin ƙamshinsa ya ragu ba mura ba rauni, a kai shi ga likita, domin hakan kan riga cutar Fakinsin mai sa karkarwa bayyana da shekaru.